"Help me" da "help me out": yadda saƙon ƙanina ya koma roƙon kuɗi

Ranar Laraba da daddare ina zaune a ɗaki nan Agege ina haɗa lissafin kwandunan tumatir ɗin da aka sauke mana a kasuwar Mile 12, Nepa sun ɗauke wuta tun la'asar, janareton maƙwabci sai ƙugi yake kamar zai fasa wa mutum dodon kunne, sai ga ɗan kawuna ya faɗo ɗakin fuska a murtuke ko sallamar kirki babu, ya miƙo min waya yace Yaya dan Allah duba min, ni me na yi wa mutumin nan da zai maida ni almajiri?

Na karɓa na duba. Saƙo ne ya tura wa ogansu na wurin aiki ta WhatsApp, abin da ya rubuta shi ne "Oga good evening sir, please help me on Friday." Shi kuma ogan ko minti biyu ba a yi ba ya amsa da buroka cewa wata bai ƙare ba tukuna, shi ma ba shi da ko sisi. Wallahi saida na ajiye biro na yi dariya mai isata kafin na iya magana, shi kuwa sai ƙara cika yake yana batsewa, don shi ba kuɗi ya nema ba sam. Suna ne za a yi na ɗan abokinsa a Idi-Araba ranar Juma'a da safe, yana so a bari wani ya riƙe masa aikinsa zuwa sha biyu, ya dawo ya rama da yamma. Shikenan fa abin da yake nema.

Yaron nan ba wai bai jin Turanci ba ne. Acaɓa ya yi a Ikeja shekara da shekaru, har zuwa 1 ga watan Yuni 2022 da gwamnatin Legas ta hana okada a ƙananan hukumomi shida, Ikeja na ciki, ya ga kullum kamu ake ana kwashe mashina, ya sayar da nasa tun kafin a raba shi da shi a banza, ya samu aikin lodi a wani sito. In buroka ce to kamar a Oshodi aka yanke masa cibiya, kwandastan danfo bai isa ya ci masa canji ba. Inda gizo ke saƙar shi ne rubutu, musamman in zai rubuta wa na gaba da shi, sai ya ɗauko abin da ke ransa da Hausa, wato "ka taimaka min ranar Juma'a", ya juye shi yadda yake ya tura.

Nace masa zauna. Kai a garin nan sau nawa a rana kake jin "help me"? A gindin gadar Pen Cinema, a tashar Ojota, a bakin masallaci in an sauko Juma'a, a cikin gosulo mutum ya ƙwanƙwasa gilas, "abeg help me". Kunnen mutumin Legas ya riga ya saba, in yaji "help me" tsurarta ba a faɗi da me za a taimaka ba, hannunsa aljihu yake tafiya, ko dai ya ciro ko ya dafe. Balle kuma ga ƙarshen wata ya gabato, ga shi ka saka rana, ai duk wanda ya karanta zai ɗauka ranar ce kake da biki kake neman a ɗan ranta maka. Akwai kuma abin da ba ma son faɗa amma gaskiya ne, in Bahaushe ya ce "help me" a Kurmi wasu tun kafin ya ƙarasa sun riga sun yanke cewa bara ce, abin yana min ciwo ƙwarai amma haka yake, shi ya sa ni nake ganin mu ya fi kamata mu san yadda ake jera maganar nan fiye da kowa.

Na karɓi wayar na rubuta masa: "Good evening sir. Sorry, I don't mean money. Can you help me out on Friday morning? I need someone to cover my shift till twelve." Ya ƙura wa rubutun ido yace to Yaya meye amfanin wannan "out" ɗin, ni da nake so a taimake ni ba a fitar da ni waje ba?

To a nan ne hirar ta yi daɗi, don tambayar tana da kyau.

Mu a Hausa ba kalma ɗaya muke da ita ba ai. Akwai taimako, wannan babbar riga ce kowa ya shiga. Akwai agaji, na wanda gobara ko ambaliya ta ci. Akwai tallafi, irin wanda ake jira daga gwamnati har a gaji. Sannan akwai taya, da kuma "kama min". In ɗan dako ya sunkuya zai ɗau kwando ya ce da kai "kama min", ba roƙonka yake ba, ba kuma ƙasa da kai yake ba, aiki ne ya ɗan fi ƙarfin hannu ɗaya a wannan lokacin, kana kama masa ya ɗora a ka kowa ya kama gabansa, gobe kai ma in naka ya tashi shi zai kama maka. To "help out" nan gidan take. Taimako ne na ɗan lokaci, na wanda ya shiga wani matsi ko aiki ya yi masa yawa, kuma yawanci tsakanin mutanen da suke tare ne, 'yan gida ɗaya ko abokan aiki ko maƙwabta. Shi "out" ɗin kuwa in ka lura ai mu ma muna da shi, ba muna cewa "ka fisshe ni" ba? Wane ya fisshe ni kunya, Allah ya fisshe mu. Ba waje aka jefa ka ba, daga cikin matsalar aka ciro ka. Ina faɗa masa haka yace au, ashe fisshe ni ce, nace ita ce fa.

Af, tunda na ambaci taya, wannan kalmar ma ai in Bature ne ke koyon Hausa a kasuwarmu sai ta haukata shi. Ka taya ni aiki, nawa ka taya kwandon, tayar tirela ta fashe a Jebba. A rubuce duk abu ɗaya, sai murya da zance su raba. Don haka in muka ga Turanci da nasa rikicin kada mu ɗauka mu kaɗai aka tsana.

Kuskuren da na fi gani a wurin yaranmu, har da waɗanda suka gama sakandare, shi ne inda ake ajiye mutumin da za a taimaka. Ni kaina na daɗe ina rubuta "help out me" kafin wata mata da ke sayen kaya a wurinmu, tsohuwar malamar makaranta ce Bayarabiya daga Ketu, ta gyara min cikin raha ba tare da ta kunyata ni ba, Allah ya saka mata. Ƙa'idar ba wuya: in kalmar ƙarama ce mai tsayawa a madadin suna, irin su me, you, him, her, us, them, to dole a tsakiya take zama. "Help me out." "I helped him out." "She will help us out." Ba a cewa "help out him", duk wanda ya iya yaren yana ji zai ji ta yi masa wani banbaraƙwai. Amma in cikakken suna ne kana da zaɓi, "I helped my brother out" daidai ne, "I helped out my brother" ma daidai ne. In sunan ya yi tsawo, kamar ace "the boys who load the trucks", gara ka kawo "out" kusa da "help" tun da wuri, kar mai sauraro ya manta da ita kafin ta iso.

Ƙanina yace wannan ai son wahalar da mutane ne kawai. Nace a'a, kai ma kana yi baka sani ba. Ka ce "na taimaki yaron", amma in ka cire yaron ka sa shi, sai ka ce "na taimake shi". Wa ya taɓa zaunar da kai ya koya maka cewa "ki" ɗin ƙarshen taimaki zata koma "ke"? Babu, kunne ne ya ɗauka. In Bayarabe ya ce maka "na taimaki shi" zaka gane me yake nufi amma zaka yi murmushi. To irin murmushin da ake mana kenan in mun ce "help out me".

Sauran abubuwan ƙanana ne, na faɗa masa a gurguje. In abin ya wuce, jikin "help" ake liƙa alamar, "helped out", ba a taɓa "out" ko kaɗan, na taɓa ganin wani ya rubuta "help outed" a guruf ɗin 'yan unguwa, har yau ana tsokanarsa. In zaka faɗi aikin da za a taya ka sai ka kawo "with": "Can you help me out with the receipts?" ko "He helps out with the loading." In wuri ne sai "at" ko "in": "I help out at my uncle's shop on Saturdays." Wannan ta ƙarshen ma tana da amfani sosai ga masu neman aiki, don tana nuna cewa kana zuwa kana taya aiki amma ba kai ne ma'aikacin dindindin ba, kaga ba ka yi ƙarya ba kuma ba ka ce zaman banza kake ba. Ka lura a nan ba a ambaci wanda ake taimaka wa ba sam, kuma jimlar ta tsaya da ƙafarta.

Kar kuma wani ya karanta wannan ya tafi yana cewa na ce "help out" ba ta shafi kuɗi. Tana shafa mana. Wanda ya san yadda masu gidaje a garin nan suke neman kuɗin shekara cur a dunƙule, ga na ejan ga na lauya, ya san ranar da ake neman mai fisshe ka. "My brother helped me out with the rent" magana ce daidai, kuma kuɗi ake nufi. Bambancin kawai shi ne ta nuna matsi ne ya same ka na wani lokaci ɗan'uwa ya rufa maka asiri, ba wai sana'arka kenan ba. Kuma abin da ya ceci saƙon ƙanina ba "out" ɗin kaɗai ba ne, jimla ta ƙarshen ce da ta fito fili ta faɗi abin da ake so. In ka rubuta "help me out" ka yi shiru, a Legas ɗin nan har yanzu wani zai iya dafe aljihu.

Akwai wata "help" ɗin kuma tamu ta 'yan Najeriya da nake so in taɓo. In Madam ta ce da yaron shago "help me buy bread" ko "help me close that door", ba tana nufin su je tare su sayo burodin ba, ko su kama ƙofar su biyu, aike ne kawai cikin ladabi, kamar yadda muke cewa "ɗan taimaka ka rufo min ƙofar nan". Mu duk mun gane. Amma mutumin Ingila in ka ce masa "help me carry this bag" zai kama hannu ɗaya na jakar ya bar maka ɗayan, don a wurinsa kai ne mai ɗauka shi mai tayawa. In so kake ya ɗauka gaba ɗaya sai ka ce "could you carry this for me". Ni ban ga laifin tamu ba ko kaɗan, Turancinmu ne, ko ƙamus ɗin Oxford ma a watan Janairun 2020 ya shigar da kalmomin Najeriya 29, har da danfo da okada da Kannywood. Abin da nake cewa kawai mutum ya san da wa yake magana.

Muna cikin haka ruwa ya ɓalle, irin na watan Yuni da in ya fara kamar da bakin ƙwarya, yaron ya leƙa yace bari ya tsagaita sannan ya tafi. Nace to ga wata ma tunda ruwa ya tsare ka, tsagaitawar nan da Turanci "ease off" ake cewa. "Let the rain ease off." Ita "ease" asalinta sauƙi ne, sassauci, abu ya lafa. Gosulo in ya fara motsi a titin Ikorodu bayan ka shafe awa biyu tsakanin Ketu da Ojota kana kallon motocin BRT suna wuce ka a layinsu, sai ka ce "the traffic has eased up", ko "eased off", duka biyun ana faɗa kuma ni ban ga wani bambancin da zai hana mutum barci ba. In kuma wani ne ke sauƙaƙa abin, to ba a buƙatar ƙaramar kalmar, kai tsaye ake zuwa: magani "will ease the pain". Masu karanta jarida sun san "ease traffic", duk aikin da aka buɗe a garin nan da ita ake tallarsa, haka aka ce da aka fara BRT daga Mile 12 zuwa CMS a 2008, haka aka ce da gadar Pen Cinema a 2021, haka da jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja daga Agbado zuwa Oyingbo a Oktoban 2024 yana tsayawa nan Agege. Gadar kam ta yi mana rana ba ƙarya, wanda ya san yadda mahaɗar nan take a da ba zai musa ba, amma gosulon Legas kamar ruwa ne, ka tare nan ya ɓullo can.

Wadda na fi so a cikinsu ita ce "ease up on", wato sassauta wa mutum. In oga ya matsa wa sabon yaro lamba, na kusa da shi zai iya cewa "ease up on him, he is new." Wannan ita ce "a yi masa a hankali" ko "a ɗaga masa ƙafa". Sai dai a kula, ƙasa da kai ko sa'anka kake faɗa wa haka, ko ogan da kuka saba sosai, ba ranar da ka fara aiki ka ce da manaja "ease up" ba, sai ka ji a salansa.

Ga kuma tarkon, nace masa buɗe kunnenka da kyau. "Help out" alheri ce, amma "ease out" ba alheri ba ce, duk da "out" ɗin iri ɗaya ne. In ka ji an ce "they eased him out", to an lallaɓa an raba shi da aikinsa ne, ba kora da hayaniya ba, a'a, yau a rage masa aiki, gobe a ɗauke shi daga inda yake da amfani, jibi a ce ko zai ɗan huta, har ya tsinci kansa a waje bai san lokacin da ya fita ba. Kora da hali kenan. Don haka kar wata rana ka ga "ease" na nufin sauƙi ka rubuta wa oga "please ease me out", ka roƙi a sallame ka da hannunka. Ya dafe kai yace Yaya wallahi da ka bar ni da na rubuta ta wata rana.

Ni ma ai "ease" ta taɓa kayar da ni. Wata rana wata mata ta zo sayen albasa da yawa, irin ta Aliero mai kyau ɗin nan, ita a Ingila ta tashi ba ta daɗe da dawowa ba, muna tsaka da lissafi fitsari ya matse ni nace mata "excuse me ma, let me ease myself." Ta kalle ni tace in yi me? Na maimaita, ta sake kallona, direbanta ne ya sunkuya ya raɗa mata, ta ce oh, ta kau da kai, ni kuma na rasa inda zan sa fuskata ga yara suna ta ƙunshe dariya. A Najeriya daga Sakkwato har Fatakwal kowa ya san "ease myself", tun firamare muke ɗaga hannu muna faɗa wa malami, amma can ba haka suke cewa ba, su "use the toilet" ne ko "restroom" in Amurka ce, ko ma kawai ka ce "excuse me a minute" ka tafi abinka ba wanda zai tambaye ka ina zuwa. Mu ɗin ma ai ba ma kiran abin da sunansa, zan kama ruwa, zan zagaya, bari in kewaya, kowane yare da inda yake ɓoye kunyarsa, matsalar kawai in ka ɓoye taka a inda mai sauraro bai san wurin ba.

Biyu suka rage na ƙara masa don suna fitowa kullum. "Help yourself" in an ajiye abinci, bismillah ce kawai, ɗebi da kanka, ba wai ana ce maka ka je ka ji da kanka ba, don na san wanda ya yi fushi a walimar wurin aiki a kan haka ya ƙi cin komai ya dawo gida da yunwa. Sai "I can't help it", wadda ba ruwanta da taimako sam, ma'anarta ba yadda na iya, abin ya fi ƙarfina, kamar dariyar da na yi masa da farko.

Wajen ƙarfe goma ruwan ya lafa, wayarsa ta yi ƙara. Ogan ne, yace au to me ya hana ka faɗa tun farko, ba damuwa, wane zai riƙe maka amma ka tabbata sha biyu ta yi maka a sito. Yaron ya washe baki ya tattare wando ya fita cikin taɓo.

Ya je sunansa ya dawo, har da ɗan naman suna ya kawo min a leda. Sai dai tun daga ranar "out" ta shiga bakinsa ta ƙi fita, komai sai ya liƙa mata. Shekaranjiya na ji shi ya ajiye wa wani abokin aikinsa ɗan Ibo kwanon shinkafa da wake a ƙofar ɗaki yana ce masa "help yourself out", mutumin ya tsaya riƙe da cokali yana kallon kwano yana kallon ƙofa. Na ce zan zaunar da shi a kan wannan ɗin ma, amma motar Ɗanja ake jira yau da daddare kuma ance tun jiya ta wuce Ogbomosho, sai dai in an gama sauke kaya.